Sunan da Inna Ba Ta Kira

Tun ranar Talata waƙar nan ta hana Lubna sukuni. A ajin da take koyarwa a Tambuwal ta fara jin ta a bakin wata ɗaliba, da ta fito tasha kuma ta ji ta a wayar mai rake. Muryar yayanta ce, Mansur, wanda kowa ke kira Dikko saboda shi ne ɗan fari. Yana Sakkwato yana irin waƙar nan ta samari da ake kira rap. Guntun da ke yawo a wayoyi amshin ne kawai, ana ta nanata shi a kan kiɗa: "Inna ba ta taɓa kiran sunana ba."

Kowa da fassararsa. Malamin lissafi ya ce yaron ya tona asirin gidansu. A ƙarƙashin bidiyon, waɗanda ko hanyar garinsu Kebbe ba su sani ba suna ta yin Allah wadai da uwar da ba ta son ɗanta. Lubna ta rubuta musu amsa ta goge, ta sake rubutawa ta goge. Ta kira Dikko, wayarsa a kashe. Sai ga saƙo daga gida: Baffa Namadi, ƙanen marigayi mahaifinsu, ya ce bayan sallar Juma'a zai yanke magana, kada Dikko ya sake taka gidan.

Ba ta jira mota ta cika ba, ta hau kabu-kabu. Ruwan ƙarshen damina ya cinye hanya, suna kauce wa wannan rami suna faɗawa wancan, ita kuwa ta toshe kunne da cikakkiyar waƙar, tana ƙarewa tana mayar da ita farko.

Ta tarar da Baffa a tsakar gida kan tabarma, Inna Zahara'u can gefe tana tsince wake. Lubna ta durƙusa ta gaishe su. Ƙasan zanenta duk laka.

"Malamar boko, ke ma an aiko ki ki yi mai lauya?" in ji Baffa.

"Ba wanda ya aiko ni, Baffa. Ƙafata ta kawo ni."

"To kin ji abin da ɗan'uwanki ya yi. Ya ɗauki uwatai ya kai kasuwa. Jiya a masallaci har wani ka tambaya ta wai mi munka yi ma yaron. Ni! In baƙin ciki gare shi, ba shi da baffa? Sai shi hau ganga?"

"Nawa kunka ji cikin waƙar?"

"Na ji abin da ya ishe ni. Magana guda, yana ta tusa ta kamar mai tallan magani."

Lubna ta ajiye wayar a bakin tabarma ta kunna daga farko. Baffa ya ɗaga hannu zai hana, ta yi kamar ba ta gani ba. Muryar Dikko ta cika gidan, da sauri, kalma na korar kalma. Ya ce ranar da ƙyanda ta kwantar da shi ƙanwarsa aka aiko da kunu, amma ya ga ƙafafun Inna a ƙarƙashin zana, ba su gusa ba. Sai amshin. Ya ce ranar da zai bar gida ko soro ba ta rako shi ba, sai a Sakkwato ya tarar da gumba ƙulle a ƙasan jakarsa. Sai amshin kuma.

Lubna ta tsayar da waƙar. "Baffa, ku dubi inda yaka aje maganar. Kullum bayan ya faɗi wani abin da ta yi mai. Wanda ka kai ƙara ba ya fara lissafa alherin wanda ya kai. Cewa yakai ta riƙe kunyar ɗan fari, ba ta kira suna ba, ba ta yi mai wasa ba, amma ba ta taɓa sakin shi ba. Wanda ya yanko amshin shi kaɗai, shi ya zagi Inna."

Baffa ya jima yana shafa gemu. Ba mutum ne mai son a ga ya ja da baya ba, balle a gaban ɗiya mace.

"Wannan fassararki ce. Ga mai abin nan zaune. Zahara'u, in kina son shi dawo, ki faɗi da bakinki. In kin yi shiru, na san abin da shirun ka nufi."

Hannun Inna ya tsaya a cikin waken. Ba ta ɗago ba. Lubna ta dube ta. Matar da ta shekara talatin ba ta furta sunan yaron ba, ta yaya za ta roƙa masa a gaban ƙanen mijinta?

"Baffa, kun tambayi wadda kunka san ba ta da halin amsawa. Ku kunka koya muna uwa ba ta shiga maganar ɗan fari. Yau kuma da wannan kunyar za a kore shi? Wallahi in an hana mai gidan ga kan shirun Inna, ni ma a haɗa da ni."

"Ke, Lubna!" Inna ta tsawata. "Baffanki kika ɗaga ma murya?"

Lubna ta sunkuyar da kai, amma ba ta janye maganar ba. Kaza ta zo ta saci wake, babu wanda ya kore ta.

Inna ta miƙe, ta karkaɗe faifai, ta juya musu baya tana duban ɗakin da ke kusa da soro, inda Dikko ke kwana in ya zo.

"Ɗakin can yoyo yakai," ta ce, kamar da bango take. "Na gaji da tara kwano. Mai shi ya zo shi gyara abinai, ga gero ya isa yanka."

Ta shige madafa.

Baffa ya yi tsaki, ya jawo takalmansa. "To, shi zo. Amma gangar nan a bar ta can Sakkwato."

Lubna ba ta jira ya kai soro ba ta ɗauki wayar ta kira Dikko. Har yanzu wayarsa a kashe. Ta fita ƙofar gida inda sabis ya fi ƙarfi, ta sake kira.