Keken da Merle Ta Sayo a Gwanjo

Shekara talatin ina gyaran tsofaffin kekunan ɗinki a garin Zeehan, kuma har gobe ba abin da ke ƙona min rai kamar masu shafa wa keke sabon fenti su ce sun gyara. Irin wannan keken ne Merle Tapscott ta sa aka sauke min a ƙofar shago wata Talata ana yayyafi. Tsohuwa ce, ta haura tamanin.

"'Yar nan, a gwanjo na gan shi, gabana ya faɗi," in ji ta. "Na mahaifiyata ne. Ina shekara bakwai ta rasu, a 1949, aka sayar da komai nata. Duba min shekarunsa."

Kowa haka yake cewa, alhali kekunan nan dubbai aka ƙera, duk kamarsu ɗaya. Na kankare fentin da wani ɗan banza ya lafta wa lambar da ke jikin keken, na buɗe littafin da ke nuna shekarar kowace lamba. 1956.

Wallahi na so in yi mata ƙarya, na kasa.

"Mama, sai bayan rasuwarta aka ƙera wannan."

Ta shiga laluben jakarta. "To, tsufa ne. Yi haƙuri, na ɓata miki lokaci."

Na durƙusa na cire bel, wato igiyar da ke juya injin, don a mayar da keken mota, sai na ga tsofaffin ramukan ƙusa a katakon teburinsa, ba komai cikinsu. Kai, ni ma sakarya ce! Lamba shekarun kan keken, wato injin da ke sama, kawai take faɗa, wannan kan kuwa daga baya aka ɗora shi. Ƙafar ƙarfen ta girme shi nesa ba kusa ba. Na shafa matakin da ake juya keken da shi. Ƙarƙashin fenti gefen hagu ya cinye ya yi sumul, na dama kamar ba a taɓa taka shi ba.

"Mama, da ƙafa nawa mahaifiyarki take taka keke?"

"Ɗaya. Shan inna ya kashe mata ta dama. Me ya sa?"

Na ja mata kujera. Merle ta duba matakin, ta cire takalmi, ta ɗora ƙafar hagu. Ƙarfen ya fara kaɗawa, ƙwas, ƙwas.

Ta rufe ido. "A nan ƙasa nake zama in tana ɗinki," ta ce. "Fuskarta ta ɓace min tuntuni, 'yar nan. Ashe wannan ƙarar ce ban manta ba."

Ta ci gaba da takawa, allura ko motsi ba ta yi, don bel ɗin yana hannuna. Na kasa ce mata ta tsaya.