Tagar Benen Baffa Yelwa

Maimuna tana zaune a tsakar gida da ɗaurin ƙirji tana tsefe kanta, sai ga ɓaraguzan siminti suna zubowa kan tabarma. Ta ɗaga kai. An fasa bangon benen maƙwabta, rami kamar ƙofa, ga wani birkila ya leƙo da guduma a hannu. Wai har da ce mata sannu da hutawa!

Ta faɗa ɗaki da gudu, ta zumbula hijabi, ta fita.

Benen nan ya girmi yawancin mutanen layinsu a unguwar Ɗan Iya. Marigayi Baffa Yelwa ya gina shi bayan yaƙin basasa, da ya ajiye kakin soja: shaguna a ƙasa, iyali a sama. Ta fuskar titi ya zuba baranda da tagogi son ransa. Ta baya kuwa, inda gidan su Maimuna yake, bango ya ja ɗoɗar, sai bulo mai huji can ƙarƙashin rufi, inda iska za ta shiga amma ido ba zai kai ba. Babu wanda ya roƙe shi. Ya dai san akwai matan mutane a bayansa.

A ƙofar shagon tela ta sami jikansa Musaddiq, wanda ya gaji benen, yana ta latsa waya.

"Kai Musaddiq, wa ya ce a fasa bangon nan?"

"Gwaggo, ina kwana? Ofisoshi zan mai da saman. Wa zai kama hayar ɗaki babu taga?"

"Kakanka a ciki ya rayu har ya koma ga Allah. Shi bai san iska ba ne?"

"Ai ginin da ke nan, Gwaggo. Duhu kamar rumbu."

"A tsakar gidan nan nake wanki, nake kitso, nake shan iska da zafi. Tun ina amarya ban taɓa ɗaga kai na ga idon namiji ba. Yau da furfurata ƙato yake mini sannu daga sama!"

Telan ya tsai da kekensa, masu wucewa suka fara rage tafiya. Musaddiq ya ga taro na neman haɗuwa, sai ya kwantar da murya.

"Allah ya huci zuciyarki. Wallahi kafin magariba zan gyara."

Ta koma gida har tana jin kunyar ɗaga muryar da ta yi. Ta ce a ranta, jinin Baffa ba zai ɓace duka ba.

Bayan la'asar Musaddiq ya yi sallama a zaure, fuskarsa cike da fara'a irin ta wanda ya yi abin kirki.

"Gwaggo, fito ki gani."

Ta fito tsakar gida ta duba. Ramin yana nan, an dai lafta masa baƙin gilashi mai sheƙi.

"Mai tsadar na sa," in ji shi daga zaure. "Ba za ki ƙara ganin kowa ba."

"Su fa? Suna ganina?"

Sai ya ce wai ana kiransa a waya.

Maimuna ta daɗe a tsaye tana kallon gilashin. Da safe ko ba komai ta ga mai kallonta. Yanzu ba ta san ko da mutum a wurin ko babu ba. Ta shiga ɗaki ta sako hijabinta na zuwa unguwa, ta naɗe hannayensa, ta tsuguna a bakin famfo ta fara wanke-wanke.