Bindigar da Ba Ta San Hayaƙi Ba

Duk ranar Lahadi, da an taso daga coci, 'yan bindiga sai su hallara a ƙofar gidan Lukong a garin Jakiri na ƙasar Nso, kowa da tasa a kafaɗa. A girke tulun bammi a tsakiya, a shiga zuba ƙarya. Berinyuy, matar gidan, tana madafa tana tuƙa tuwon masara, tana jin su tana taɓe baki.

"Tawa fa in ta yi tari," in ji Tatah mai gajeren wuya, "har kajin can garin Kumbo sai sun fasa ƙwai."

"Kai rufe mana baki," Verla ya ce. "Ba ita ce ta wurga ka cikin kabewa a makokin bara ba? Mu muka ɗago ka, ƙafafu a sama!"

Berinyuy ba ta ganin ko ɗayansu da gashi. Gandama-gandaman mutane da furfura, sun zauna suna shafa ƙarfe kamar masu lallashin jariri! Amma ko banza su suna harbawa. Bindigoginsu ƙirar maƙeran ƙauye ne, an ɗaure da waya, kuma girar Verla ta hagu albarushi ya ƙone ta tuntuni.

Ta mijinta kuwa sunanta Bajamushiya. Ya ce tun zamanin Jamus take, a hannun jikokin wani tsohon soja ya samo ta. Tana da bargonta na kanta. Kullum sai ya goge ta ciki da waje da man keken ɗinkin Berinyuy, ya ɗaga bakinta ya leƙa, ya yi murmushi. Ya san nauyinta, ya san yadda take dukan kafaɗa, yana iya kwatanta ƙararta da baki har karnuka su tashi. Abu ɗaya ne dai: babu mahalukin da ya taɓa jin ta harba.

"Ba kowane taro take fita ba," haka yake cewa. "Wannan albarushin na kasuwa cin ƙarfe yake yi."

Ana haka aka sa ranar babban makokin Wirngo, mahaifin Berinyuy, wanda aka binne shekarun baya, sai yanzu dangi suka shirya. A irin wannan rana kowace 'ya takan fito da rawa, mijinta ya harba wa surukinsa bindiga, don mamaci ya ji cewa 'yarsa tana hannun namiji. Wadda ba a harba mata ba, tamkar ta zo wa ubanta hannu rabbana ne, kuma mata ba sa manta irin wannan. Berinyuy ce babba, ita za a fi zuba wa ido.

Ta sami Lukong yana goge-gogen nasa, ta kira shi da sunan ɗansu. "Baban Kinyuy, tun da na shigo gidan nan ban taɓa roƙonka komai a kan ƙarfen nan ba. Harbi ɗaya nake so. Na Baba."

"Haba, shi ne kike wani marairaicewa? Ranar nan duk ƙasar Nso sai ta san Bajamushiya ta fito."

Ita da kanta ta je kasuwa ta sayo masa albarushi, ta zuba masa a ƙahon da yake ratayawa. Ya karɓa da yatsa biyu, kamar an miƙa masa mataccen ɓera.

Ranar makoki gidan Wirngo ya cika maƙil. Ganguna na tashi, ana ta shiga da kaji da tuluna. Surukai da abokansu suka yi sahu a bakin gonar ayaba, bindigogi sama. Lukong na tsakiya da hular saƙa mai gashin tsuntsu, Bajamushiya sai walƙiya take. Aka ba da alama, sai ji kake dimm! Hayaƙi ya turnuƙe, mata suka rangaɗa guɗa. Cikin hayaƙin Berinyuy ta hango mijinta ya yi baya taga-taga, ya dafe kafaɗa yana yamutsa fuska.

Ba ƙaramin daɗi ya kama ta ba. Hawaye suka zubo mata, har ta ji kunyar duk tsakin da ta sha ja masa. Ashe dai namiji ne!

To, Yaah Bongfen, mahaifiyarta, tana zaune kan kujerar marigayi a ƙofar ɗaki. Tsufa ya toshe mata kunne, idon ma sai a hankali. Ta ga mutane na tsalle, ta ɗaga murya irin ta kurame.

"An harba ne? Ni ban ji komai ba! Surukaina su kawo mini bindigoginsu in shinshina."

Aka kwashe da dariya, aka biye mata. Mijin autarta ya durƙusa ya miƙa bakin tasa. Tsohuwa ta zura yatsa, ta zaro shi baƙi ƙirin da kunkunniya, ta kai hanci, ta gyaɗa kai. Sai ta jawo autar ta dangwala mata a goshi. "Ubanki ya ji," ta ce. Haka ta yi wa wadda autar ke bi.

Berinyuy ta zo ta durƙusa, ta miƙa goshi. Lukong ya tsaya daga nesa yana sosa ƙeya.

"Mama, bakinta da zafi har yanzu, kada ta ƙone ki."

"Me ya ce?"

"Ya ce ga ta nan!" Tatah ya faɗa da ƙarfi, ya tura shi gaba.

Tsohuwa ta zura yatsa, ta juya, ta zaro. Fes, sai sheƙi. Ta kai hanci, ta daɗe tana shinshinawa, sannan ta faɗa da muryar nan tata da ake ji har bakin hanya: "Wannan ai man keken ɗinki ne."

Gangar ma sai da ta tsaya. Berinyuy ta dubi ƙahon da ke rataye a ƙugun mijinta, toshiyarsa tana nan yadda ta sa ta. Wato dafe kafaɗar nan da taga-tagar nan duk wasa ne, ya fake da ƙarar bindigogin mutane. Ta ɗago ido ta nemi fuskarsa, ko za ta ga kunya. Ina! Gogan naka ya zaro tsumma daga aljihu, yana goge wurin da yatsan tsohuwa ya taɓa.

Ba ta yi kuka ba, abin ya wuce kuka. Ta miƙe, ta fizge ƙahon daga ƙugunsa har igiyar ta tsinke, ta ratsa mutane ta miƙa wa Tatah.

"Ɗura wa taka," ta ce. "Duka."

"Uwar Kinyuy, mijinki fa yana tsaye..."

"Na gan shi. Ɗura."

Tatah ya ɗura, ya danna, ya ɗaga sama ya harba. Ƙarar ta girgiza kwanon rufi, shi kuma ta zaunar da shi daɓas a ƙasa, amma babu wanda ya yi dariya. Berinyuy ta kama bakin bindigar da zafinsa, ta jawo har gaban uwarta, ta sake durƙusawa. Tsohuwa ta zura yatsa, ta shinshina, ta dangwala mata baƙi a goshi.

"Na wane ne wannan?" ta tambaya.

Berinyuy ta kai baki kunnenta, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Na maƙwabci ne, Mama. A gidanmu ba mu da mai harbi."