Sitaci a Tafkin Iyo

Duk Tudun Wada babu wanda ya kai maƙwabcina Alhaji Kailani son sitaci. In ya zauna a majalisa, sai ka ji babbar rigarsa tana ƙara kamar ana taka busasshen ganye. Ɗantsoho mai wanki ya san dokarsa: duk abin da ya fito daga gidan, ko hankici ne, sai ya sha sitaci har ya iya tsayawa da kansa.

To, rigar tana tsayawa, amma mai rigar gwiwa ta ƙi. Ya daɗe rabonsa da ya kai goshinsa ƙasa. Kullum da farar kujerar roba yake zuwa masallaci, ya kafa ta a ƙarshen sahu. Ba ya maganar, amma ni da nake gefensa na san abin yana cinsa.

Da likita ya ce ya riƙa motsa gwiwar a cikin ruwa, sai Alhaji ya ce, "A ruwa? Ni agwagwa ne?" Daga baya dai ya sauko. Aka samo wani koci mai suna Charles da ke koyar da iyo a tafkin wani otal can wajen unguwar Kongo, ni kuma na ɗauki nauyin kai shi a babur ɗina. 'Yarsa Rahma ta sayo masa tiraksut, rigar nan da wando na 'yan motsa jiki, shuɗi mai kauri.

Ranar farko da ya fito, sai da na kashe babur don in kalle shi da kyau. Tiraksut ɗin ya sha guga, karin wandon kamar ya yanka mutum, hannuwan rigar sun buɗe gefe-gefe. Ga hula zanna a kai, ga turare.

Na ce, "Alhaji, ɗaurin aure za mu ko iyo?"

Ya ce, "Nagoda, ja mu tafi. Ba ka san mutunci ba."

Charles ya tarbe mu da ladabi. Ya ce, "Baba, wannan kayan na zuwa ne da na komawa, don kada sanyi ya kama ka in ka fito. A cikin ruwa gajeren wando ake sawa."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Yaro, ni da jikoki, in tuɓe a gaban samarin nan? In wani surukina ya shigo fa?"

Da Charles ya ga ba ci, sai ya ce to ya shiga da kayan, amma ya tsaya inda ruwa bai wuce ƙugu ba, ya yi ta takawa. Alhaji ya miƙo mini hula, ya yi bisimilla, ya sauka.

Da farko lafiya lau. Har ya juyo yana cewa, "Wallahi gwiwar ta yi shiru!" Can sai na ga ruwan da ke kewaye da shi ya fara fari. Ya taka gaba, farin ya bi shi. Ya juyo, farin ya bazu. Kafin ka ce kwabo, wannan ɓangaren tafkin ya koma kamar an dama koko. Wani saurayi ya ɗago kai daga nutso yana tofar da yawu, ya ce, "Koci, wa ya zubar da kunu?" Samari suka yi ta fitowa suna shafa jiki, wai santsi.

Ni kam dariya ta kayar da ni a kan benci. Allah ya yafe mini, har da hawaye.

Charles bai yi dariya ba, don shi mai otal zai tuhuma. Ya ce, "Baba, ina son ka warke. Amma ko sitaci, ko ruwa. Ba za su haɗu ba."

A hanyar komawa muna shigowa layinmu sai Alhaji ya dafa kafaɗata. Ya ce, "In ratsa Tudun Wada da tufa laƙwas kamar tsumma? Mutane su ce Kailani ya lalace? Na fasa."

Ban ja da shi ba. Da la'asar muka tafi masallaci, shi da kujerarsa. Bayan an sallame, wani dattijo da ya girme mu nesa ba kusa ba ya tashi yin ramuwa a gabanmu, ya sauka sujada cikin sauƙi. Alhaji ya bi shi da ido har ya ɗago. Na ji tausayinsa ya kama ni, na kau da kai.

Washegari da hantsi sai ga shi a ƙofar gidana. Tiraksut ya yamutse, babu ko ɗigon sitaci, gwiwar wandon ta yi jaka.

Ya ce, "In ka yi dariya, ni da kai har abada."

Na ce, "Ni na isa?"

'Yan majalisa kuwa ba su raga masa ba. Suka sa masa suna Kyaftin. Ɗantsoho ma ya yi fushi, wai an zubar masa da sana'a. Alhaji ya toshe kunne, muka yi ta zuwa har damina ta wuce.

Wata Juma'a na lura ya fito hannu rabbana. Na ce, "Ka manta kujera." Ya yi kamar bai ji ba.

Da liman ya yi kabbarar sujada, sai na ji babbar riga tana ƙara a gefena, a hankali, har ƙarar ta kai ƙasa. Bayan sallama ya sake komawa sujada, ya daɗe bai ɗago ba. Na tsorata, na zaci gwiwar ce ta riƙe, na kama kafaɗarsa zan ɗaga shi. Ashe kuka yake yi.

Ya ce, goshinsa na ƙasa, "Sake ni, Nagoda. Na daɗe ban zo nan ba."