Harsashi a Kan Sikeli

Mai Sikeli ya sunkuya, ya cusa hannu ɗaya a ƙirjin karen, ɗayan a bayan cinyoyinsa, ya ɗaga shi da nishi ya hau sikelin banɗaki. Sai da ya karkata wuya sannan ya hango lambar ta gefen haƙarƙarin Harsashi. Casa'in da takwas. Ya cire nasa saba'in da huɗu a ka, saura ashirin da huɗu. Ya sauke karen, ya zauna a bakin baho yana haki.

Shekara talatin ya yi yana auna karnuka a filin tsere. Can ya samo sunan, can kuma ya samo Harsashi, ranar da aka ce ya tsufa da gudu. Karen tsere dama siriri ne, ƙafa zaƙo-zaƙo, ciki a ɗame, wanda bai sani ba sai ya rantse horon yunwa ake yi masa. Shi ya sa tsohon ba ya aiki da ido. A wurinsa, masu cewa ido ba mudu ba amma ya san kima ba su taɓa riƙe sikeli ba ne. Wata huɗu da suka wuce Harsashi kilo talatin da ɗaya ne. Yanzu ga amai, ga zawo, ga ƙugin ciki da ake ji har falo. Shekararsa goma sha biyu, kuma tsohon ya san yadda ake ƙarewa da irinsa: allura ɗaya, a miƙo maka igiya ka koma gida kai kaɗai. Tsoron haka ne ya sa ya yi ta jan ƙafa.

'Yarsa, wadda take koyarwa a wata makaranta, ta shigo da makullin mota a hannu.

"Baba, ka shirya? Ƙarfe goma suka ba mu."

"Gobe ma rana ce."

"Goben nan taka wata biyu ke nan ba ta waye ba. Ɗauko igiyarsa."

A mota, da suka tsaya a danja, ya ce, "In suka ce allura, ni ban yarda ba."

"Wa ya ce allura?"

"Za su ce."

Asibitin dabbobin na warin maganin wanke ƙasa. Wata mata na zaune da kyanwa a kwando, kyanwar na kallon Harsashi, shi ko ko a jikinsa. Da aka kira su, likitar, wata matashiya mai safar hannu, ta jawo karen kan wani faffaɗan faranti na ƙarfe a ƙasa. Ta duba ta rubuta.

"Talatin."

"Ashirin da huɗu," in ji Mai Sikeli. "Yaushe rabon da a daidaita sikelin nan?"

Ba ta yi musu ba. Ta sauke karen, ta jawo buhun abincin karnuka mai kilo goma sha biyar ta ɗora. Goma sha biyar cif. Tsohon ya ɗaga buhun, ya sake ajiyewa da kansa, ya zagaya farantin yana duba ko wani abu ya tokare shi. Babu.

Likitar ta latsa cikin Harsashi, ta ɗaga leɓensa ta duba dasashi. "Me yake ci?"

"Abincinsa. Sai ɗan nama, ɗan kitse, fatar kaza. Na ga yana ramewa ne."

"Dafa masa kake yi daban?"

"Nawa nake ba shi. Ni kwanan nan abinci ba ya shiga, loma biyu na ƙoshi. Gara shi ya ci."

"To Baba, ga zawon nan. Cikin tsohon kare ba ya ɗaukar maiƙo. A daina. Shinkafa da dafaffiyar kaza ba fata, kaɗan-kaɗan, sau huɗu a rana. Zan ɗebi jininsa mu tabbatar, amma ban ga abin tashin hankali ba. Kilo ɗaya ya rasa."

"Sauran shidan ina suka tafi?"

Ta tambaye shi yadda yake awon, ya yi mata bayani dalla-dalla, har da ɗan alfahari. A filin tsere, in ji shi, a keji ake auna kare. Sau ɗaya aka auna kejin, aka rubuta nauyinsa da fenti a bango, kullum sai dai a cire. Keji ba ya ramewa.

"Kai fa, yaushe ka auna kanka kai kaɗai?"

"Me zan auna? Saba'in da huɗu nake tun kafin a haifi wannan." Ya nuna 'yarsa da haɓa.

"Ɗan hau mu gani."

"Sikelin karnuka?"

"Ba ya tambayar wa ya hau."

Ya miƙa wa 'yarsa igiyar ya hau, da takalmi da komai. Sittin da takwas.

'Yar ta dubi wuyan rigarsa, yadda ya yi masa yawa har yatsu uku za su shige. Duk mako tana zuwa gidan, duk mako zancen kare yake yi mata, ita ma karen take dubawa. Kunya ta kama ta, tsoro ya biyo baya.

"Wannan ba fannina ba ne," in ji likitar tana cire safar hannu. "Amma kilo shida a wata huɗu, ga rashin cin abinci, kada makon nan ya fita ba a kai shi asibiti ba." Da 'yar take magana.

Mai Sikeli ya sauko yana shafa kan Harsashi. "Talatin! Ja'iri, ashe cinye ni kake yi."

A hanya bakinsa bai rufu ba. Ya sa ta tsaya ya sayi kaza, ya tsaya a kan mai yankan sai da ya cire fatar tas. Ita kuwa tana cikin mota da waya a kunne, tana jiran a ɗauka a asibitin mutane, tana maimaita ranar haihuwarsa a ranta. Aka ba ta Alhamis da safe. Da ta faɗa masa ya ce, "To, in Harsashi ya ci abincinsa na safe."

Gidansa a hawa na uku yake. Ta karɓi ledar kazar ta yi gaba, Harsashi a gefenta, ta bar masa igiyar a hannu tun da an kwance. A hawa na biyu ta ji takun bayanta ya tsaya. Ta juyo. Yana dafe da ƙarfen bene da hannu biyu, kansa a sunkuye.

"Mu ɗan tsaya," ya ce. "Karen ya gaji."

Harsashi na can sama, bakin ƙofa, yana kaɗa wutsiya yana jiransu.

"To, Baba," ta ce. Ta sauko mataki uku ta tsaya kusa da shi.