Hayaƙin Bedi

Warin hayaƙin ne ya fara gaya wa Zuwaira an yi ɓarna. Ta dire tulu a bakin zaure, ta ruga bayan gida inda aka kafa ragar banda. Naman sansu na noma ne a kai, wanda ya faɗa rami jiya ya karye, aka yanka shi kafin ya zama mushe. Wani farin hayaƙi mai kauri na dukansa daga ƙasa.

Sabo, ƙanin mijinta, na tsugune yana tura itace.

"Sabo, me ka sa a wutar nan?"

"Itace mana, matar yaya. Ko a garinku da zinariya ake banda?"

Ta fizgo reshe ɗaya. Ɗanyen bedi ne, har da ganyensa, itacen nan mai ɗaci da ko akuya sai yunwa ta kai mata wuya take taɓawa.

"Ƙirya ta ƙare tun hantsi," in ji shi. "Ke kika ce kar wuta ta mutu."

Ta yanko tsoka ta miƙa masa. Ya tauna sau biyu, fuskarsa ta yamutse, ya tofar.

"Haɗiye mana, ɗan birni. Shekara shida kana kabu-kabu a Magariya, abin da ka koyo ke nan."

Ana cikin haka mijinta Jibo ya shigo daga Dungas da fara'arsa. Ya samu wani ɗan kasuwa da zai kwashe bandar duka jibi, in ta yi kyau. Da kuɗin za su sayi ɗan bijimi kafin ruwan shuka ya sauka. In babu sa, babu huɗa, gonar gabas kuwa ta fi ƙarfin hannu uku.

Shi ma ya ɗanɗana. Bai dubi ƙaninsa ba.

"Akwai dabara, Malam," in ji Zuwaira. "A wanke shi da ruwan tsamiya da gishiri, a sake ba shi hayaƙin ƙirya."

"Ina ƙiryar? Duk garin nan karan gero ake hurawa."

"Ta gonar gabas. Ɓarinta ɗaya ya bushe."

A gindin ƙiryar nan mahaifin su Jibo ke shan fura lokacin da yake raye, kuma kowa ya san masu gandun daji sun hana taɓa irinta, ko a gonarka take.

"Reshe ɗaya," in ji Jibo, ya ɗauki gatari.

Reshen bai sauko shi kaɗai ba. Da ya karye sai ya tsage gangar jikin har ƙasa, rabin itacen ya kwanta a cikin gona. Suka faskara abin da za su iya, suka loda a amalanken maƙwabci, suka jawo da hannu.

Zuwaira ta wanke naman yanka-yanka har tsamiya ta cinye mata fatar yatsu. Ta hura ƙirya, ta jira ta zama garwashi, ta dinga juyawa da kanta, ba ta bar kowa ya matso ba. Washegari da la'asar banda ta yi ja, tana maiƙo, ƙamshi har ƙofar masallaci.

Jibo ya ɓare wani yanki ya kai baki. Farko daɗi. Yana shirin haɗiyewa ɗacin ya taso daga cikin tsokar, ya kama masa maƙogwaro.

"Mai saye ba zai ɗanɗana duka ba," in ji Sabo a hankali. "A ɗora masu kyau a sama."

"Ka nuna min masu kyan," in ji Jibo.

Gabas ta fara haɗa hadari.

Sai ga ƙarar moto ta tsaya a ƙofar gida. Wani dogon mutum cikin koren kakin masu gandun daji ya yi sallama, bai jira amsa ba ya zagayo bayan gida. Ya dubi sawun amalanke, ya dubi tarin faskare, ya ɗauki guda ya shinshina.

"Ƙirya," ya ce. "Tun daga gona nake bin sawun nan. Wane ne mai gidan?"

Jibo ya miƙe. Zuwaira ta zaro yanki mafi ja a ragar, ta miƙa wa baƙon da hannu biyu.

"Bismillah, ranka ya daɗe. Ka fara cin abin da aka sare ta dominsa."