Ƙuri'ar Fergus a Hannun Ishbel

"Ki danna fensirin da kyau, na rumfar zaɓe ba ya kamawa," in ji Fergus daga kan gado, muryar da ƙyar take fita.

Ishbel ta ja masa bargo. Tun safe ta kasa zaune ta kasa tsaye: ta ɗora shayi ta manta, ta saka rigar ruwa ta cire. Yau zaɓe, kuma tsohon nan, da ciwo ya kayar da shi, duk garin ya rasa wanda zai wakilta ya jefa masa ƙuri'a sai ita. Ita fa! 'Yar mai haƙar kwal, wadda jam'iyyar su Fergus ta 'yan mazan jiya ta rufe ramin da ubanta ke ci da su. Lokacin da Fergus yake ɗan majalisa har ƙwai ta taɓa fasa masa a ƙirji a bakin kasuwa. Da ya faɗi zaɓe, matarsa ta rasu, sai ga shi a gidan da ke manne da nata. Shekara da shekaru suna cacar baki ta kan shinge, tana miƙa masa miya.

"Tsohon banza, ba ka tsoron in ba wa ɗan takararmu?"

"Ke da kika jefe ni ido da ido? Ba kya iya yi a ɓoye."

A makarantar firamare ta jefa tata nan take. Tasa kuwa ta tsaya mata a wuya. Ba mai ganinta bayan allon da ke kare mai jefa ƙuri'a, shi ma ba zai taɓa sani ba. Ta tuna tarin da ubanta ya yi fama da shi, da ranar da aka rufe ramin ya dawo ya rataye hularsa. Haushi ya taso mata. Ta daɗe tsaye, sai da malamin zaɓe ya tambaya ko lafiya.

Ta ja tsaki, ta danna a kan shuɗin banzan nan, launin jam'iyyar su Fergus, har bakin fensirin ya karye.

Da ta shawo kwana cikin yayyafi, ta hangi labulen ɗakinsa a sauke. Nas ɗin da ke jinyarsa ta tare ta a ƙofa, ta girgiza kai, ta ce fitarta ke da wuya ya cika.

Ishbel ta shiga da rigar ruwanta tana ɗiga. Tsohon furen kamfe, shuɗi da ya koɗe, yana maƙale a rigar barcinsa, ya karkace.

"Na danna," ta ce masa.

Ta sa yatsu biyu ta daidaita furen.